BABI NA UKU: TAƘADDAMAR BAUTA DA ƁARKEWAR YAƘIN BASASAR AMURKA, 1787-1861

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda aka riƙa jigilar bayi daga Afirka zuwa nahiyar Amurka, da yadda bauta ta kafu a ƙasashen da Ingila ta mallaka a can tun daga shekarar 1619. A wannan babi kuwa za a duba yadda bautar ta raba kan Amurkawa gida biyu, wato Arewa da Kudu, har ta kai su ga ɗaukar makami a shekarar 1861. Ra'ayin da aka gina babin a kansa shi ne, abin da ɓangarorin biyu suka kasa daidaitawa a kai tambaya ce guda ɗaya: shin za a bar bauta ta bi Amurkawa zuwa sababbin yankunan da suke mamayewa a yamma, ko kuwa za a killace ta inda take? Sauran dalilan da akan kawo, irin su kuɗin fito da 'yancin jihohi, za a auna su a ƙarshen babin.

3.1 Tushen Matsalar

Lokacin da wakilan jihohi suka taru a birnin Filadelfiya a 1787 domin rubuta tsarin mulki, wakilan Karolina ta Kudu da Jojiya sun fito fili sun nuna ba za su shiga tarayyar ba idan aka taɓa cinikin bayi. Saboda haka aka yi wa masu bayi rangwame. An yarda cewa wajen rabon kujerun Majalisar Wakilai za a ƙirga kowaɗanne bayi biyar a matsayin mutum uku, alhali kuwa bawa ba ya jefa ƙuri'a. Wato ke nan, yawan bayin jiha yana ƙara wa iyayengijinsu murya a majalisa da kuma wajen zaɓen shugaban ƙasa. An kuma hana majalisa soke shigo da bayi daga waje kafin 1808, sannan aka wajabta mayar da bawan da ya gudu wata jiha ga ubangijinsa. Duk da haka, marubutan sun kauce wa rubuta kalmar bawa a cikin takardar.

A nan ya kamata a lura da irin bautar da ake magana a kai. A ƙasar Hausa ɗan da mutum ya haifa da ƙwarƙwararsa ɗa ne, yana cin gado, har ma yakan yi sarauta. A Bajiniya kuwa dokar 1662 ta ce yaro matsayin uwarsa yake bi, ko da ubangijin ne ya haife shi. Ga shi kuma an ɗaura bautar a kan launin fata, ta yadda ko wanda aka 'yanta ba ya sajewa da sauran jama'a.

Da yawa daga cikin shugabannin wancan zamani sun ɗauka bauta za ta mutu da kanta. Jihohin Arewa sun soma soke ta sannu a hankali, Fensilbaniya tun 1780, Niyu Yok kuwa ta kammala a 1827. Abin da ya rushe wannan zato shi ne injin gurzar auduga da Eli Whitney ya ƙera a 1793. Kafin injin, mutum yakan wuni bai raba fiye da laba ɗaya ta auduga da anguryarta ba. Da injin ya samu, sai noman auduga ya bazu daga Jojiya zuwa Alabama da Misisifi da Luwiziyana, masaƙun Ingila da na Arewacin Amurka suna saye. Bayin da ƙidayar 1790 ta nuna kimanin 700,000 ne sun kusa kai miliyan 4 a 1860, kuma auduga ta zama fiye da rabin abin da Amurka take sayarwa ƙasashen waje. An raba kimanin bayi miliyan 1 da gidajensu a tsofaffin jihohi irin su Bajiniya da Merilan aka kai su gandayen auduga. Masana sun ƙiyasta kuɗin bayin Amurka a 1860 ya kai kimanin dala biliyan 3, wato ya zarce jarin da aka zuba a masana'antu da hanyoyin jirgin ƙasa baki ɗaya.

3.2 Me Ya Sa Yankunan Yamma Suka Zama Fagen Rikici?

Kowace jiha, ƙarama ko babba, sanatoci biyu take da su a Majalisar Dattawa. Da yake baƙi daga Turai, musamman Ailan da Jamus, sun fi sauka a Arewa, sai Kudu ta rasa rinjaye a Majalisar Wakilai. Majalisar Dattawa ce kaɗai garkuwar da ta rage mata. Don haka duk wani sabon yanki da zai zama jiha, abin da kowa yake fara tambaya shi ne, ina sanatocinsa biyu za su karkata?

Su kuma mutanen Arewa, ba za a ce tausayin bayi ne ya dame su duka ba. Masu neman a soke bauta nan take, irin su William Lloyd Garrison wanda ya kafa jaridarsa a 1831, da Frederick Douglass wanda shi kansa gudajjen bawa ne, 'yan ƙalilan ne, kuma a Arewar ma an sha kai musu hari. Abin da ƙaramin manomi Bature yake so shi ne ya sami fili a yamma ba tare da ya yi gogayya da mai gandu da bayi ɗari ba. Hasali ma jihar Ilinoi, wadda babu bauta a cikinta, ta yi doka a 1853 ta hana baƙar fata shigowa su zauna.

Karon farko ya auku a 1819, lokacin da yankin Mizuri, wani ɓangare na ƙasar Luwiziyana da aka saya daga Faransa a 1803, ya nemi zama jiha mai bauta. A lokacin jihohi 11 ne masu bauta, 11 marasa ita. Sulhun da aka yi a 1820 ya karɓi Mizuri da bayinta, ya karɓi Men ba bauta, sannan aka ja layi a kan digiri 36 da minti 30, aka haramta bauta a sauran ƙasar Luwiziyana da ke arewa da layin. Wannan sulhu ya yi shekara 34 yana aiki, amma a ƙarƙashinsa zukata suna ta nesanta. Bayan boren Nat Turner a Bajiniya a 1831, inda aka kashe Turawa fiye da 50, jihohin Kudu suka ƙara tsananta dokokin bayi. Daga 1836 zuwa 1844 Majalisar Wakilai ta ƙi sauraron duk wata takardar koke a kan bauta. Manyan ɗarikun Kirista ma sun dare biyu, Methodist a 1844, Baptist a 1845.

3.3 Yaƙin Meziko da Sulhun 1850

Shigar Tekzas cikin tarayya a 1845 da yaƙin da aka yi da Meziko daga 1846 zuwa 1848 sun kawo wa Amurka makekiyar ƙasa wadda layin 1820 bai shafa ba. Tun ana cikin yaƙin wani ɗan majalisa daga Fensilbaniya, David Wilmot, ya kawo shawarar a haramta bauta a duk ƙasar da za a karɓa. Shawarar ta wuce a Majalisar Wakilai, ta faɗi a ta Dattawa. Muhimmancinta yana cikin yadda aka yi ƙuri'ar: 'yan majalisa sun ajiye jam'iyya gefe, kowa ya bi ɓangarensa. Sanata John C. Calhoun na Karolina ta Kudu ya mayar da martani cewa yankunan mallakar dukkan jihohi ne, don haka ba mai ikon hana ɗan Kudu shiga da dukiyarsa, kuma bawa dukiya ne.

Samun zinariya a Kalifoniya a 1848 ya sa abin ya zo da gaggawa, domin mutane sun yi tururuwa can, suka nemi zama jiha marar bauta. Henry Clay ya haɗa buƙatun kowa a doka guda, ta faɗi. Sai Sanata Stephen Douglas na Ilinoi ya rarraba ta gunduwa-gunduwa, kowace ta wuce da ƙuri'un waɗanda ta yi wa daɗi. An karɓi Kalifoniya, an bar wa mazauna Yuta da Sabuwar Meziko su zaɓa wa kansu, an hana cinikin bayi a Washinton, an kuma ba Kudu sabuwar dokar kamo gudaddun bayi. A ganin wannan nazari, kiran abin da suna sulhu yana da rauni, domin 'yan majalisa kaɗan ne suka amince da dukkan sassansa.

Dokar gudaddun bayi ita ce ta kai bauta har ƙofar gidan ɗan Arewa. A ƙarƙashinta, wanda aka kama ba shi da damar ba da shaida don kare kansa. Jami'in da ke sauraron ƙarar yana karɓar dala 10 idan ya miƙa mutumin ga mai da'awa, dala 5 idan ya sake shi. Wanda ya ɓoye bawa kuwa tarar dala 1,000 da ɗaurin wata shida suna jiransa, kuma ana iya tilasta wa kowane mai wucewa ya taya kamu. A 1854 sai da gwamnatin tarayya ta sa sojoji suka raka wani gudajjen bawa mai suna Anthony Burns ta tsakiyar birnin Boston zuwa jirgin ruwan da zai mayar da shi Bajiniya, dubban mutane suna kallo suna Allah wadai. Littafin Harriet Beecher Stowe, Uncle Tom's Cabin, wanda ya fito a 1852, an sayar da kwafi 300,000 nasa a shekarar farko. Jihohin Arewa da dama suka yi dokokin da za su kawo cikas ga kamun, har Kotun Ƙolin jihar Wiskonsin ta ce dokar tarayyar ta saɓa wa tsarin mulki. Ya kamata a riƙe wannan, domin a nan Arewa ce take kafa hujja da 'yancin jiha, Kudu kuwa ƙarfin tarayya take nema.

3.4 Kansas

A 1854 Douglas, wanda yake son a shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa yamma, ya kawo dokar kafa yankunan Kansas da Nebraska. Dukkansu suna arewa da layin 1820. Domin ya sami ƙuri'un Kudu, sai ya yarda a soke layin, a bar mazauna su yanke hukunci da ƙuri'a. A ido abin ya yi kama da adalci, amma a aikace gayyata ce ga kowane ɓangare ya riga ɗan'uwansa cika yankin da mutanensa. A zaɓen watan Maris 1855, mutanen Mizuri ɗauke da makamai suka tsallako iyaka suka yi zaɓe. Masu ikon jefa ƙuri'a ba su kai 3,000 ba, amma aka ƙirga ƙuri'u fiye da 6,000. Masu ƙin bauta suka ƙi amincewa, suka kafa tasu gwamnati a Topeka, ta masu bauta kuwa ta zauna a Lecompton.

Watan Mayun 1856 ya nuna inda aka dosa. Ranar 21 ga wata magoya bayan bauta suka afka wa garin Lawrence. Kashegari, a cikin zauren Majalisar Dattawa, ɗan majalisa Preston Brooks na Karolina ta Kudu ya rufe Sanata Charles Sumner da duka da kwagiri har ya suma, saboda wani jawabi da ya yi a kan Kansas. Sumner ya yi kimanin shekara uku bai koma aiki sosai ba, shi kuwa Brooks mutanensa suka sake zaɓensa, wasu ma suka aiko masa da sababbin sanduna. Bayan kwana biyu wani mai tsananin ƙin bauta, John Brown, ya kashe mutum biyar a Pottawatomie.

Babbar ɓarnar dokar 1854 a fagen siyasa ta auku. Jam'iyyar Whig, wadda take da magoya baya a Arewa da Kudu, ta wargaje. A madadinta aka sami jam'iyyar Republican, wadda manufarta ita ce hana bauta shiga yankuna, kuma kusan ba ta da kowa a Kudu. A zaɓen 1856 ɗan takararta John C. Frémont ya ci jihohi 11 na Arewa, ko da yake James Buchanan na Democrat ne ya yi nasara. Muddin jam'iyyu suna neman ƙuri'a a ɓangarorin biyu, dole shugabanninsu su sassauta harshe. Da aka sami jam'iyyar da ba ta bukatar Kudu, wannan takunkumi ya kwance.

3.5 Daga Shari'ar Dred Scott Zuwa Zaɓen 1860

Dred Scott bawan wani likitan soja ne wanda ya zauna da shi a Ilinoi da yankin Wiskonsin, inda babu bauta, don haka ya kai ƙara yana neman 'yancinsa. A watan Maris 1857 Kotun Ƙoli, a ƙarƙashin Babban Alƙali Roger Taney, da rinjayen alƙalai 7 a kan 2, ta ce baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne balle ya kai ƙara kotun tarayya, kuma majalisa ba ta da ikon hana bauta a kowane yanki. Kotun ta yi zaton ta rufe maganar. Abin da ta yi kuwa shi ne ta gaya wa jam'iyyar Republican cewa manufarta haramtacciya ce, ta kuma sa 'yan Arewa fargabar wata rana za a ce jihohinsu ma ba su da ikon hana bauta.

Hukuncin ya kuma jefa Douglas cikin tsaka mai wuya. A muhawarori bakwai da ya yi da Abraham Lincoln a 1858, ya ce mazauna yanki suna iya korar bauta ta hanyar ƙin yin dokokin da za su kare ta. Wannan magana, tare da ƙin amincewarsa da tsarin mulkin Lecompton, ta raba shi da Kudu. Shi kuwa Lincoln ya ce bauta zalunci ce, dole a hana ta yaɗuwa, amma ya yarda tarayya ba ta da ikon taɓa ta a jihohin da take, ya kuma faɗa a fili cewa ba ya neman daidaita baƙi da fari a siyasa da zaman tare.

A watan Oktoba 1859 John Brown ya sake ɓullowa, ya kai hari ma'ajiyar makaman tarayya da ke Harpers Ferry da mutane kimanin 20, da nufin tayar da boren bayi. Sojoji a ƙarƙashin Robert E. Lee suka kama shi, aka rataye shi ranar 2 ga Disamba. Harin bai yi nasara ba, amma jin cewa an buga ƙararrawar makoki dominsa a wasu garuruwan Arewa ya girgiza Kudu ƙwarai. A taron jam'iyyar Democrat a Charleston a watan Afrilu 1860, wakilan Kudu suka nemi a yi alƙawarin dokar tarayya da za ta kare bauta a yankuna. Da aka ƙi, suka fice. Jam'iyyar ta tsayar da mutum biyu, Douglas a Arewa, John C. Breckinridge a Kudu, ga kuma John Bell a gefe. Lincoln ya sami kimanin kashi 40 cikin 100 na ƙuri'un jama'a, amma ya ci 180 daga cikin ƙuri'u 303 na wakilan zaɓe, alhali a jihohin Kudu goma ko takara bai shiga ba.

3.6 Ɓallewa

Karolina ta Kudu ta ɓalle ranar 20 ga Disamba 1860. Zuwa farkon Fabrairu 1861 Misisifi da Fulorida da Alabama da Jojiya da Luwiziyana da Tekzas sun bi ta, suka kafa gwamnati a Montgomery, Jefferson Davis ya zama shugaba. Duk wannan tun Lincoln bai hau mulki ba. Ana iya tambaya, me ya hana su jira, tunda ya yi alƙawarin ba zai taɓa bayinsu ba? Amsar ita ce sun hangi gaba. Shugaban ƙasa shi ke naɗa alƙalai da jami'an gidan waya da na kwastan a cikin Kudu kanta, kuma kimanin gida ɗaya cikin huɗu ne kawai na Turawan jihohin bauta yake da bawa, don haka ana tsoron sabuwar jam'iyyar ta sami gindin zama a wajen talakawansu. Haka kuma idan duk sababbin jihohi suka shigo ba bauta, wata rana za su kai kashi uku cikin huɗu da ake bukata don gyara tsarin mulki.

Yunƙurin sulhu na ƙarshe ya tabbatar da inda gizo yake saƙa. Sanata John Crittenden na Kentaki ya ba da shawarar a dawo da layin 1820 a kare bauta kudu da shi. Lincoln ya ƙi, domin a ganinsa hakan zai sa a riƙa neman ƙarin ƙasa a kudu, kamar Kuba, don faɗaɗa bauta. Amma kuma a jawabinsa na hawa mulki ranar 4 ga Maris 1861 ya ce ba ya adawa da gyaran tsarin mulki da zai hana tarayya taɓa bauta a jihohin da take. Kudu ba ta karɓi wannan ba. Ke nan kowane ɓangare ya ja daga ne a kan yankuna.

Bayan yaƙi, Davis da mataimakinsa Alexander Stephens sun rubuta littattafai suna cewa 'yancin jihohi suka kare. Sai dai takardun 1860 da 1861 ba su goyi bayansu ba. Sanarwar ɓallewar Karolina ta Kudu kuka take da jihohin Arewa da suka ƙi mayar da gudaddun bayi, wato tana zarginsu da amfani da nasu 'yancin. Ta Misisifi ta danganta matsayin jihar da bauta tun daga farkonta. Stephens kansa, a jawabinsa a Savannah cikin Maris 1861, ya ce an kafa sabuwar gwamnatin a kan cewa baƙar fata bai kai Bature ba, kuma bauta ce matsayin da ya dace da shi. Tsarin mulkin da suka rubuta ya haramta duk wata doka da za ta rage haƙƙin mallakar bayi. Batun kuɗin fito ma bai da ƙarfi. Lokacin da Karolina ta Kudu ta yi wa gwamnatin Andrew Jackson tawaye a kansa a 1832, ba jihar da ta bi ta, kuma kuɗin fiton da ake biya a 1860 mai sauƙi ne, wanda aka kafa a 1857 da ƙuri'un 'yan Kudu. Tsarin ɓallewar ma shaida ne: Karolina ta Kudu da Misisifi, waɗanda suka fara fita, su ne jihohi biyu da bayi suka fi 'ya'ya yawa a cikinsu.

Abin da ya rage shi ne wanda zai fara harbi. Sansanin Sumter, a bakin tashar jiragen ruwa ta Charleston, yana hannun sojojin tarayya a ƙarƙashin Manjo Robert Anderson, abincinsu kuma ya kusa ƙarewa. Lincoln ya sanar da cewa zai aika musu da guzuri ba tare da ƙarin makamai ba. Da asubahin ranar 12 ga Afrilu 1861 sojojin Janar Beauregard suka buɗe wuta, bayan kimanin awa 34 Anderson ya miƙa wuya. Ranar 15 ga wata Lincoln ya nemi 'yan sa-kai 75,000 na wata uku. Bajiniya, wadda wakilanta suka ƙi ɓallewa a farkon watan, ta fita ranar 17, Akansas da Karolina ta Arewa da Tenesi suka biyo baya. Jihohin bauta huɗu, Delawa da Merilan da Kentaki da Mizuri, suka tsaya cikin tarayya, kuma tsoron kada su ma su fice yana cikin abin da ya sa Lincoln ya ce don maido da haɗin kan ƙasa yake yaƙi. Yaƙin da aka yi wa shirin wata uku ya ci shekara huɗu da rayukan sojoji aƙalla 620,000, wani ƙiyasi na 2011 ma ya kai adadin kimanin 750,000. Yadda manufarsa ta sauya har aka kai ga shelar 'yanta bayi ta 1 ga Janairu 1863 shi ne abin da babi na huɗu zai duba.